Sayen izinin zama a ƙetare: abin da kuɗin attajirin Kano ke saya da abin da ba sa saya

A watan Oktoba na 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina bai wa 'yan Nijeriya biza, kamfanin jiragen sama na Emirates ma ya dakatar da zuwa ƙasar nan saboda kuɗinsa da suka maƙale sakamakon ƙarancin dala, kuma sai a watan Yuli na 2024 aka sake buɗe ƙofar bizar. Ga wanda ba ya fita waje wannan labarin rediyo ne kawai, amma ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Sabon Gari da ya saba sauka a unguwar Dera ta Dubai ya zaɓi kaya da idonsa, ya yi ciniki da bakinsa, ya ji abin a aljihunsa. Irin wannan tsaiko, haɗe da wahalar samun bizar Turai da Amurka, shi ya sa maganar sayen gida ko zuba jari a ƙetare domin samun takardar zama ta bar falon manyan attajirai ta sauko rumfunan kasuwa. Harkar ta gaskiya ce, dokoki ne suka kafa ta, kuma mutane da yawa sun ci moriyarta. Sai dai abin da ake sayarwa a cikinta bai kai girman abin da mai saye yake zato ba, kuma an tsara sharuɗɗansa ne a kan irin dukiya da irin iyalin da ba su yi kama da na mafi yawan masu kuɗin Kano ba.

Abu uku ne dillali yake haɗawa a baki ɗaya, alhali a doka kowanne da matsayinsa. Biza izinin shiga ce na ɗan lokaci. Izinin zama yana ba mutum damar ya zauna, ya buɗe asusun banki, ya sa 'ya'yansa a makaranta, amma fasfonsa yana nan koren nan na Nijeriya, kuma ana sabunta masa izinin ne muddin sharaɗin da aka ba da shi a kansa bai gushe ba. Zama ɗan ƙasa kuwa shi ne ke zuwa da sabon fasfo, ya kuma gangara ga zuriya. Sashe na 28 na tsarin mulkin 1999 bai hana wanda yake ɗan Nijeriya ta hanyar haihuwa ya riƙe takardar wata ƙasar ba, don haka cikas ɗin ba daga gida yake ba. Izinin zaman da aka samu da jari ya yi kama da rumfar da mutum ya kama a hannun hukumar kasuwa: ya biya, ya kasa kayansa, yana cin riba, amma ƙasar da rumfar take kai ba tasa ba ce, kuma ranar da hukuma za ta sauya tsari ba sai ta nemi shawararsa ba.

Dubai ce ta fi kusa da zuciyar ɗan kasuwar Kano. Tun 2002 masarautar ta yarda baƙi su mallaki gidaje a wasu keɓaɓɓun unguwanni, a 2019 kuma ƙasar ta ɓullo da abin da ake kira bizar zinare. A tsarin da ake kai tun 2022, wanda ya mallaki gida ko gidajen da darajarsu ta kai dirhami miliyan 2, wato kimanin dala 545,000, yana iya samun izinin zama na shekara 10 da ake sabuntawa, ba ya buƙatar kafili, yana iya ɗauko iyalinsa, kuma izinin ba ya mutuwa don ya yi fiye da wata shida a wajen ƙasar, saɓanin izinin zama na gama-gari. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya fi dacewa da wanda kasuwarsa da danginsa suke Kano, domin ba a tilasta masa ya tare. Amma hanyar a nan ta tsaya. Ko sau nawa mutum ya sabunta ba zai wayi gari ɗan ƙasa ba, domin gyaran dokar da aka yi a 2021 ya bar wannan a hannun mahukunta su zaɓi wanda suka ga dama, kuma ɗan da aka haifa masa a can ɗan Nijeriya ne. Ranar da ya sayar da gidan, tushen takardar ya tafi. Akwai kuma kuɗin da talla ba ta cika ambata ba: hukumar filaye tana karɓar kashi 4 cikin 100 na farashi wajen sauya suna, ga la'adar dillali, ga kuɗin kula da gini da ake biya kowace shekara ko da ɗan haya ko babu. Da yawa daga gidajen da ake tallatawa da biyan kaɗan-kaɗan ba a gina su ba tukuna, zane ne a takarda, cinikin biri a sama, ko da yake wata doka ta 2007 ta tilasta wa masu gini su ajiye kuɗin masu saye a asusun amana na musamman. Wanda ya tuna yadda farashin gidajen birnin ya faɗi da kusan rabi tsakanin 2008 da 2009 ba zai ɗauki tashin 'yan shekarun nan a matsayin abin da ba ya sauka ba.

Saudiyya sha'aninta daban ne, domin abin da ke jan Bakano can ba riba ba ce kaɗai. Shekaru aru-aru mutanenmu suna tafiya sauke farali su zarce da zama, wasu da igama a hannun kafili, wasu a matsayin takari suna ɓuya har ranar da za a kwaso su a jirgi. A 2019 masarautar ta buɗe izinin zama na musamman wanda babu kafili a cikinsa: riyal 800,000 sau ɗaya domin zama marar wa'adi, ko riyal 100,000 a kowace shekara. A farkon 2024 aka ƙara wasu rukunai, ciki har da na wanda ya mallaki gida mai darajar riyal miliyan 4 da na mai zuba jarin riyal miliyan 7. Riyal 800,000 ya kai dala 213,000 da 'yan kai, kuma kuɗi ne da ba a mayarwa, ba kadara ba ce da za a sayar wata rana. Wanda ya biya da niyyar samun gidan kansa kusa da Harami ya kamata ya san cewa Makka da Madina suna da hukunci na daban: abin da dokar 2019 ta ba shi a biranen biyu shi ne haƙƙin amfani da gida na tsawon da bai wuce shekara 99 ba, sabuwar dokar mallakar baƙi da aka amince da ita a 2025 ma ta ware su da sharuɗɗa na musamman. A ganina, ga dattijon da ya tara abin duniya yana son ya ƙarasa kwanansa a Madina, wannan takarda ta fi duk sauran dacewa da buƙatarsa, domin zama yake nema ba fasfo ba. Wanda yake son 'ya'yansa su gaji wata ƙasa kuwa ba a nan zai same ta ba.

A Turai aka fi ganin yadda doka ke juyawa. Bayan rikicin tattalin arziki na 2008, ƙasashen da bashi ya yi wa katutu suka buɗe ƙofa domin a saye gidajen da suka rasa masu saye: Fotugal a 2012 da yuro 500,000, Sifaniya a 2013 da irin wannan adadi, Girka ita ma a 2013 da yuro 250,000. Abin da ya sa aka yi rububinsu shi ne izinin zama a ɗayansu yana ba mutum damar yawo a sauran yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da suka cire shingen iyaka a tsakaninsu, kwana 90 cikin kowane kwana 180 ba tare da biza ba, Fotugal kuma kimanin kwana 7 kacal a shekara take neman mutum ya yi a ƙasar. Da tattalin arziki ya farfaɗo, hayar gida ta gagari 'yan ƙasa a Lisbon da Madrid, sai siyasa ta juya wa baƙin baya. Birtaniya ta rufe bizar masu zuba fam miliyan 2 a ranar 17 ga Fabrairun 2022 tana mai nuni da gurɓatattun kuɗi, Ailan ta rufe tata a Fabrairun 2023, Fotugal ta cire sayen gida daga hanyoyin samun izini a Oktoban 2023, Sifaniya ta rufe gaba ɗaya a Afrilun 2025. Girka ba ta rufe ba, amma a 2024 ta ɗaga farashi zuwa yuro 800,000 a Atina da Tasalonika da manyan tsibirai, yuro 400,000 a sauran wurare, kuma izininta bai halatta wa mai shi ya kama aikin albashi a ƙasar ba. Sayar da fasfon Turai kai tsaye ma ya zo ƙarshe: Ƙubrus ta daina a Nuwamban 2020 bayan wani binciken tashar Aljazira, ta kuma ƙwace fasfon wasu da suka riga suka saya, sannan a ranar 29 ga Afrilun 2025 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukuncin cewa tsarin Malta ya saɓa wa dokar tarayyar. Galibi waɗanda suka riga suka karɓi izini ana barinsu su ci gaba da sabuntawa. Wanda ke shan wuya shi ne wanda ya ba da kafin alƙalami aka rufe ƙofa, ko wanda ya shiga da lissafin zama ɗan Fotugal bayan shekara 5, sai ga gwamnatin ƙasar a 2025 ta gabatar da ƙudirin mayar da shekarun 10.

Fasfon tsibiran Karibiyan shi ne mafi saurin samu. Sent Kits da Nebis ta fara sayarwa a 1984, Dominika ta bi a 1993, daga baya Antigwa da Barbuda, Girinada da Sent Lusiya suka shigo. A da dala 100,000 tana saya wa mutum ɗaya fasfon Dominika, amma bayan matsin lambar Amurka da Turai ƙasashen suka yi yarjejeniya a 2024 cewa farashi ba zai yi ƙasa da dala 200,000 ba. Mai saye ba zama zai yi a tsibirin ba, abin da yake biya wa shi ne ƙofofin da fasfon ke buɗewa a wasu ƙasashe, kuma a nan raunin cinikin yake, domin mai sayarwa yana karɓar kuɗi a kan abin da ba a hannunsa yake ba. Kanada ta ƙaƙaba wa 'yan Sent Kits biza a 2014, 'yan Antigwa a 2017, Birtaniya ta janye wa Dominika shiga ba biza a Yulin 2023. Wanda ya sayi fasfon Dominika a 2022 domin ya riƙa leƙa ɗansa da ke karatu a Landan, bayan shekara guda ya koma layin neman biza, kuma babu wanda ya mayar masa da ko kwabo. Turkiyya ta bambanta da tsibiran, domin ƙasa ce mai masana'antu wadda 'yan kasuwarmu suke saro tufafi da kayan ɗaki a cikinta, kuma tana ba da zama ɗan ƙasa ga wanda ya sayi gida ya riƙe shi shekara 3. Farashin ya fara da dala miliyan 1 a 2017, ya sauko 250,000 a 2018, ya koma 400,000 a Yunin 2022. Fasfonta dai ba ya shiga Shengen sai da biza, abin da dillalai ba su cika gaggawar faɗa ba.

Amurka ba ta ba da takarda don mutum ya sayi gida. Tsarinta na EB-5, wanda majalisa ta kafa a 1990, yana neman jarin da zai samar wa mutum 10 cikakken aikin yi, kuma tun gyaran watan Maris na 2022 adadin shi ne dala 1,050,000, ko 800,000 idan a karkara ne ko yankin da rashin aiki ya yi yawa. Dole kuɗin su kasance cikin kasadar riba ko asara, don haka duk wanda ya yi wa mai nema alkawarin mayar masa da su cif, ya rushe masa takarda tun daga tushe. Katin zaman da ake fara bayarwa na shekara 2 ne bisa sharaɗi, sai an tabbatar ayyukan sun samu ake mayar da shi na dindindin. Mafi yawan masu nema suna bi ta cibiyoyin da ke tara kuɗin baƙi su ba masu gina otal ko gidaje, sau da yawa a matsayin rance mai ruwa, abin da ya kamata Musulmi ya kai gaban malamai da takardun a hannu kafin ya sa hannu. Amincewar gwamnati da cibiya ba lamuni ba ne: a 2016 hukumar kula da hannun jari ta Amurka ta gurfanar da masu aikin gina wurin shaƙatawa na Jay Peak a jihar Bamont bisa karkatar da fiye da dala miliyan 200 na irin waɗannan baƙi. Akwai bizar 'yan kasuwa mai sauƙin jari da ake kira E-2, amma Nijeriya ba ta cikin ƙasashen da ke da wannan yarjejeniya, dabarar sayen fasfon Girinada ko Turkiyya a bi ta can kuma an toshe ta da dokar Disamban 2022, wadda ta ce sai mutum ya zauna shekara 3 a ƙasar da ya sayi fasfonta. Katin zama na Amurka yana buƙatar zama na gaske, kuma mai shi yana bayyana wa hukumar harajinsu abin da ya samu a ko'ina cikin duniya, har ribar shagonsa na kasuwar Singa. Sannan siyasa tana iya shiga tsakani ko an biya: a Janairun 2020 gwamnatin Trump ta dakatar da bizar ƙaura ga 'yan Nijeriya, sai a Janairun 2021 aka ɗage.

Duk wannan lissafin na wanda aka karɓi kuɗinsa ne. Inda mai nema daga Kano ya fi yin tuntuɓe shi ne tun kafin a kai ga karɓa, wajen tambayar asalin dukiya. A ɗauki misalin Alhaji mai shaguna uku a Kwari, wanda duk layinsu sun shaida cewa abin da ya tara guminsa ne. Masu sari daga Maraɗi da Injamena suna ɗaukar dila-dila bashi, su biya da sefa ko tsabar naira, ko su tura kuɗin asusun yaron shagon da ya fi kusa, lissafin kuma yana cikin littafin bashi da kan Alhaji. Idan zai biya masana'anta a Gwanzu ta ƙasar Sin, naira yake miƙa wa ɗan canjinsa a Wapa, shi kuma ya sa wani a Sin ya biya da kuɗin can, a gama cikin sa'o'i babu takarda ko ɗaya sai saƙon waya. Filayensa na Hotoro da Rijiyar Zaki da takardar mai unguwa da shaidu ya saye su, ɗaya ma musaya aka yi da mota da ciko. Amana ce ke riƙe da wannan tsari tun zamanin fataken goro na Gwanja, kuma yana aiki. Amma jami'in da ke duba fayil a Lisbon ko Washinton so yake ya ɗauki dalar da ta shiga asusun jari ya bi ta da baya, daga asusu zuwa asusu, har cinikin da ya haife ta, tare da bayanan banki na shekaru, da rajistar kamfani a hukumar CAC, da lissafin da akanta ya tantance, da shaidar biyan haraji da ta yi daidai da ribar da ake iƙirari. Idan Alhaji ya ce fili ya sayar, za a nemi shaidar mallaka da yarjejeniyar sayarwa, sannan ana iya tambayarsa da wane kuɗi ya sayi filin tun farko.

A nan ne lauya mai gaskiya zai ce, "Ranka ya daɗe, kuɗin sun isa, takardun ne ba su isa ba." Haraji shi ne ƙullin da ya fi wuyar kwancewa, domin wanda ya shekara goma yana nuna wa hukuma ribar naira miliyan 5 ba zai iya rantsuwa a gaban wata gwamnati cewa daga wannan kasuwancin ya fitar da dala 800,000 ba tare da ya tona wa kansa asiri a ɗaya daga cikin wuraren biyu ba. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba, kamfani kuma miliyan 10, wato cinikin da kasuwa take gani na yau da kullum yana iya zama laifi a takarda. Kuɗin da suka iso daga asusun wani kamfani a Honkon wanda mai nema bai ma san sunansa ba, banki yana iya mayar da su ko ya riƙe ya buɗe bincike. Sanya Nijeriya cikin jerin ƙasashen da FATF, hukumar duniya mai yaƙi da halatta kuɗin haram, ke sa wa ido a Fabrairun 2023 ya ƙara tsananta binciken, har zuwa Oktoban 2025 da aka cire ta. Dillalin da ya ce zai gyara takardu yana jefa mutum ne cikin abin da ya fi hana izini muni, domin ana ƙwace takardar da aka samu da ƙarya, har fasfo, ko bayan shekaru. Wanda ya gaji dukiya yana da ɗan sauƙi idan a kotu aka raba gadon, domin hukuncin alƙali takarda ce ta hukuma da za a iya fassarawa a gabatar. Masu riƙe da muƙami kuwa nasu ninki biyu ne: a waje ana yi musu bincike na musamman, a gida kuma tsarin mulki ya hana gwamnoni da ministoci da kwamishinoni da 'yan majalisa riƙe asusun banki a ƙetare.

Naira ma ta sauya lissafi. Kafin Yunin 2023, lokacin da farashin hukuma yake wajen naira 460 a dala, dala 800,000 naira miliyan 368 ce a takarda. Da dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, adadin ya koma biliyan 1.2. Wanda ya shiga biyan gida kashi-kashi da dirhami alhali da naira yake ciniki, duk faɗuwar naira ƙarin bashi ce a kansa, kuma idan ya gaza cika biya, yarjejeniya tana ba mai gini damar riƙe wani kaso na abin da ya riga ya bayar.

Sai maganar da aka fi jin nauyin yi a gaban dillali, wato iyali. Dokokin Turai da Amurka da Turkiyya mace ɗaya suka sani. Dokar shige da fice ta Amurka ma ta ambaci wanda zai shigo ya ci gaba da auren mace fiye da ɗaya cikin waɗanda ba a karɓa, Birtaniya kuma ba ta ba mace ta biyu bizar aure matuƙar ta farko ta riga ta shiga a matsayin mata. Magidanci mai mata uku da 'ya'ya goma sha biyar dole ya zaɓi wadda sunanta zai hau takarda, kuma duk wanda ya san gidan Bahaushe ya san cewa wannan zaɓi ba zai tsaya a ofishin lauya ba. 'Ya'yan sauran ɗakunan suna iya shiga ta hannun ubansu, amma ana neman amincewar uwa a rubuce, ita kuwa uwar tana nan gida. Shekaru ma suna yanke wasu: EB-5 tana ɗaukar ɗan da bai kai 21 ba kuma bai yi aure ba, Turkiyya wanda bai kai 18 ba. Ɗan riƙo, ɗan ƙane ko maraya da ya tashi a gidan ba a bambanta shi da 'ya'yan ciki, a takarda ba ɗa ba ne. Ga kuma ƙaramar matsalar da ke cin watanni: suna a fasfo Muhammad, a takardar haihuwa Mohammed, a ta makaranta an ƙara sunan unguwa, ranar haihuwa kuma 1 ga Janairu ga rabin gidan.

Gado ya fi wannan nauyi, kuma shi ne aka fi mantawa. Gidan da ke Turkiyya dokar Turkiyya ce ke raba shi, ita kuwa tana ba ɗa namiji da 'ya mace kaso ɗaya. A mafi yawan ƙasashen Tarayyar Turai, tun 2015 dokar ƙasar da mamaci yake zaune ce ke hukunta gadonsa, sai dai idan ya rubuta wasiyya ya zaɓi dokar ƙasarsa. Birtaniya tana karɓar harajin gado na kashi 40 cikin 100 a kan abin da ya haura fam 325,000, ko da mai gidan baƙo ne. A Dubai, inda kotu ke raba gadon Musulmi bisa shari'a, ana rufe asusun mamaci har sai an gama tantance magada, kuma takardun da za su kawo daga Kano sai an fassara su an buga musu hatimin hukumomi. Al'adar saya da sunan ƙane ko yaron gida, wadda ake yi a nan a zauna lafiya saboda kowa ya san gaskiya, a can tana nufin gidan na wanda sunansa ke takarda ne, kuma shaidar dattawan unguwa ba ta isa kotun ba.

Dillali la'adarsa daga mai gini take fitowa, don haka ba shi ne mai ba da shawara ba, lauyan da dillali ya kawo ma ba na mai saye ba ne. Duk inda doka ta yanka adadi, za a tarar da gidaje da yawa da farashinsu ya tsaya daidai a kan adadin, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya tambayi nawa ɗan gari yake sayen irinsu a layi ɗaya. Bayan shekarun riƙewa sun cika, wanda zai saya daga hannun Alhaji mai yiwuwa ɗan gari ne da ba ya neman biza, kuma farashin gari zai biya. Bambancin da ke tsakanin abin da aka saya da abin da aka sayar, tare da kuɗin lauya da na hukuma da na bincike, shi ne ainihin farashin takardar, kuma da shi ya kamata a auna ko ta cancanta. Alkawarin tabbatacciyar haya ta shekara biyu ko uku sau da yawa an riga an cusa kuɗinta cikin farashin gidan.

Ga ɗan kasuwar da buƙatarsa saro kaya ce da kai yara makaranta ko asibiti, akwai hanyoyin da ba su kai wannan tsada ba. Birtaniya tana ba da bizar ziyara ta shekara 2 da 5 da 10 ga wanda ya saba shiga da fita a kan ƙa'ida. Bizarta ta masu kafa sabuwar sana'a, wadda ta fara a Afrilun 2023, ba ta yanka adadin jari ba, amma sai wata hukumar tantancewa ta yarda cewa sana'ar ƙirƙira ce, shagon atamfa kuwa ba ya shiga. A Daular Larabawa, tun 2021 baƙo yana iya mallakar kamfani gaba ɗayansa a mafi yawan sana'o'i ba tare da abokin tarayya ɗan ƙasa ba, kuma kamfanin yana ba mai shi izinin zama, galibi na shekara 2, da sharaɗin sabunta lasisi da kuma kada ya wuce wata shida bai shiga ƙasar ba, tare da harajin kashi 9 cikin 100 a kan ribar da ta haura dirhami 375,000 tun Yunin 2023. Kamfanin da yake biyan masana'antun Sin da Indiya ta banki, yana ajiye rasitai, yana biyan haraji a can da nan, bayan 'yan shekaru zai tara wa mai shi irin takardun da jami'in Lisbon ko Washinton yake nema, idan har a lokacin ƙofar tana buɗe.